Rilaksa ba a daure mata, ku tambayi ƙeyata

Akwai wani waje a ƙeyata ta gefen hagu, faɗinsa bai wuce kan babban yatsa ba, yau shekara 11 kenan ko silin gashi ɗaya bai sake fitowa a wurin ba. Mai kitsona ta san shi, in ta zo wajen sai kawai ta karkato da layi ta rufe min ba ta cewa komai. Ni na jawo wa kaina, ana gobe kamun ɗiyar gwaggona, kuma tunda ina ganinku ƙannena kuna siyo rilaksa ku shige banɗaki ku turo ƙofa, gara in faɗa muku yadda aka yi.

Kitso ne ya yi sati uku a kaina, da la'asar na zauna na tsefe, kan nan sai ƙaiƙayi yake, na sa kibiya na sosa amosani son raina har ina lumshe ido don daɗi. Bayan magariba na aiki yaro ya siyo min rilaksa irin wadda ake ɗiba a babban bokiti a zuba miki a 'yar roba, babu suna babu takarda, kawai mai shago ya ce a faɗa min mai ƙarfin ce. Yayata ta naɗe hannun riga ta lafta min tun daga tushe har jela. Ko minti biyar ba a yi ba kaina ya ɗau zafi kamar an zuba min dakakken barkono, na ce Yaya zafi fa, ta ce ke dalla daure, yanzu ma ya fara ci, gashinki irin mai taurin nan ne in aka wanke yanzu an yi asarar kuɗi. Na daure. Ana haka aka ɗauke wuta, muka tsaya neman fitila, ga ruwa ba mu tara ba sai da aka ja a rijiya, wallahi abin nan ya kusa minti 40 a kaina. Na wanke da sabulun wanka, gashi ya kwanta luf har wuya, na kwanta ina murna gobe za a ga ɗauri.

Da asuba ɗankwalina ya ƙi fita. Ruwa ne ya tsatso daga fatar kan cikin dare ya bushe, ya haɗe gashi da ɗankwali kamar an shafa ƙaro. Umma ce ta jiƙa da ruwan ɗumi tana ɓamɓarewa a hankali ina kuka tana faɗa, ta ce garin neman gira kin tashi rasa ido. Kamun nan na je amma ko a hoto ɗaya ban yi dariya ba.

Kalmar nan ta daure ita ta cuce ni, kuma har yau ina jinta a bakin mata, wai in bai yi zafi ba bai yi aiki ba. Ƙarya ce. Kun san sodar nan da mata ke siya su haɗa sabulu, wadda in ta taɓa hannu take saɓule fata? To ita ce a cikin rilaksa mai ƙarfin nan, a jikin roba za ku ga an rubuta sodium hydroxide. A ma'aunin da ake kira pH, wanda ke nuna ƙarfin tsami ko na soda a abu, fatar kanmu tana wajen 5, rilaksa kuma tana tsakanin 12 zuwa 14, kuma ma'aunin a 14 ya ƙare. Aikinta shi ne ta shiga cikin silin gashi ta tsinka ɗaurin da ke sa shi murɗewa, in ta tsinka kuma shi kenan ba ya komawa, sai dai sabo ya fito. Ita ba ta san bambancin gashi da fata ba, duk wanda ta samu ci take. Zafin da kike ji fatarki ce take ƙonewa, gashi ai ba ya jin zafi. Wani baƙar fatar Amurka ne ma, Garrett Morgan, ya fara gano irin wannan man fiye da shekara 100 da suka wuce, yana neman ruwan da zai hana allurar keken ɗinki ƙona yadi, ku ji fa inda abin ya samo asali.

Ta cikin kwali mai 'yar kwalbar ruwa da ake juyewa a gauraya, wadda ake cewa ba ta da soda, ta ɗan fi sauƙi a fata amma kar ki yarda da zancen wai ba ta ƙuna, tana yi sarai, kuma ta fi busar da gashi saboda sinadarin kalsiyam da take bari a jikin gashin. In kin haɗa ta a ranar za ki yi amfani da ita, ragowar a zubar, kar ki rufe ki ajiye wai sai wani watan ko ki ba ƙawa. Kuma don Allah ku bar siyen ta ɗiba, ki siyi mai kwali ko roba a rufe, ki duba lambar NAFDAC da ranar da za ta lalace, sannan ki karanta takardar ciki ko ki ba wadda za ta karanta miki. Yawancinmu ma ba ma buƙatar mai ƙarfin, matsakaiciyar ta ishe mu, son a gama da wuri ne kawai.

Babban laifina na ranar ma ba daɗewar ba ce, susar ce. Duk inda kibiya ta karta ƙofa ce na buɗe wa soda. Yanzu in zan saka, sai na tsefe kitso da sati guda ko fiye, kwana uku na ƙarshe ba wanki ba susa ko da ƙaiƙayi zai kashe ni, sai dai in ɗan bubbuga da tafin hannu, domin maiƙon da kai ke tarawa shi ma kariya ne. In akwai ƙurji ko wani ciwo a kai to a fasa, biki ba zai fasu don ba ki sa rilaksa ba.

Kafin a buɗe roba ruwa ya zama yana ajiye, bokiti uku cike, mai ɗumi kaɗan ba mai zafi ba, kar ki dogara da famfo. A raba kai gida huɗu, a bi goshi da bayan kunne da saman kunnen da ƙeya da basilin, a tsaga a ɗan shafa a fatar kan ma. Mai sakawa ta sa safar hannu, kuma ki samu mai sakawar, ke kaɗai ba kya ganin bayan kanki. Agogo a waya ake kunnawa tun daga shafar farko, ba sai an gama shafawa ba, nan mutane da yawa ke ruɗewa, minti 15 ko 20 ɗin da takarda ta ce har da lokacin shafawar a ciki. A fara ta tsakiyar kai inda gashi ya fi ƙarfi, gaban goshi da ƙeya su zo ƙarshe tunda su ne marasa ƙwari. A kwantar da yatsa ko bayan kum, ba a ta ja da haƙoran kum ba kamar ana sharce kan amarya. In kika ji zafi na gaske kafin lokaci ya cika ki tashi a wanke, ko da rabin kai aka yi, gashin da bai gama laushi ba ana gyara shi nan da wasu makonni.

Wajen wanki kuma kar ki duƙa gaba kamar mai wanke-wanke ruwan ya biyo ta fuska, ki ɗaga kai baya wata ta zuba miki, a yi ta zubawa har sai ba ki jin santsi. In tsautsayi ya sa ya shiga ido a yi ta kwarara ruwa mai tsafta minti 15 zuwa 20 ba tsayawa sannan a tafi asibiti, ba a jira sai gobe, soda tana makanta mutum. Sai shamfu ɗin nan na cikin kwali da ke kashe ƙarfin rilaksa, wanda da yawanmu ke ajiyewa gefe wai ya yi kaɗan. Shi ne ke tsayar da cin, sabulun wanka ba ya wannan aikin don shi ma da soda aka yi shi, ashe ni na kwana rilaksa na ta aiki a ƙeyata ban sani ba. Wasu kumfarsu kan koma ruwan hoda in da saura a kai, ki yi ta maimaitawa sau uku sau huɗu har kumfa ta fito fara tas, ta ƙarshen ki barta ta ɗan zauna. Bayan nan kandishina, ki bari ya bushe kafin ki ɗaura ɗankwali ko hijabi.

Ni kuwa da ciwon ƙeyata ya yi ɓawo na dinga ɓantara, wata maƙwabciya ta ce in sa makilin na sa, ya ƙara cin wurin, sai da ya fara wari da mugunya sannan aka kai ni asibiti, ma'aikaciyar ta duba ta ce tushen gashin nan ya riga ya mutu tabo ne zai maye wurin. Da a ce na wanke da ruwa na shafa basilin na ƙyale ɓawon ya faɗi da kansa, kuma na je tun ranar da ya fara ruwa, wataƙila da ba a kai nan ba.

Za ku ce daga nan na yi hankali ko? Ina! Na daina ƙona kai amma na koma duk wata sai na saka, kuma har jela, don ina son kullum ya zama a kwance. Gashi fa a wata bai fi santimita 1 da ɗan ɗoriya yake fitowa ba, to ina sabon da za a sa wa? Tsohon da aka riga aka tsinka masa ɗauri nake ƙara wa soda. Hunturu na shigowa ya fara zuba, in na taje sai in ga gutsattsari a kafaɗa da kan sallaya, na ɗora masa dayis sati ɗaya bayan rilaksa don ya yi baƙi, ga kitso mai ɗaurewa har gira na ɗagawa, cikin shekara ɗaya gashin da ke taɓa wuyana ya koma ba ya kamuwa da ribom. Tsakanin sakawa da sakawa a bar sati 8 zuwa 12, sabon fita kawai ake shafa wa, tsohon a lulluɓe shi da kandishina ko man kwakwa kafin a fara. Rini ko lalle a ba shi aƙalla sati biyu, kitso ma a ɗaga masa ƙafa kuma a yi sakwa-sakwa, man kaɗe kuwa kar ya yanke miki musamman lokacin sanyi.

Akwai kuma wani abu da ya sa na ƙara ja baya. A 2022 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta fitar da sakamakon bin diddigin mata sama da 33,000 na kusan shekara 11, aka ga waɗanda ke sa mayukan miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka waɗanda ba sa sawa wajen kamuwa da kansar mahaifa, kusan 4 cikin 100 a kan ƙasa da 2 cikin 100 zuwa shekara 70. Binciken alaƙa ya nuna, bai yanke cewa man ne ya jawo ba, amma masu binciken sun yi maganar cewa ƙuna da rauni a fatar kai na sa sinadarai su fi shiga jiki. Ni dai tun lokacin sau uku nake sawa a shekara. Yara ƙanana kuwa ko mai hoton yarinya a kwali ba na yarda a sa musu, sinadarin ɗaya ne, fatarsu ba ta kai tamu ba kuma in aka ce su daure daurewa za su yi don tsoro.

Ranar Asabar ɗiyar yayar tawa, 'yar shekara 19, ta shigo da kwalinta a leda da kitsonta a kai wai Anti ki tsefe min ki sa min yau gobe akwai walima. Na kama hannunta na ɗora mata yatsa a ƙeyata ta shafa wurin. Na ce ta je walima da kitsonta, ta tsefe ran Litinin, mu haɗu Asabar ta sama, kuma ta taho da jarkar ruwa biyu don famfonmu ba ya kawowa.