Jar tutar da na gani a garejin makaniki

Asabar da daddare. Yara sun yi barci, uwargida tana ninke kayan wanki, ni kuwa barci ya ƙi zuwa, shi ya sa na buɗe kwamfuta.

Da safe na ɗauki mota za ni karɓo nama a wata gona da ke bayan garin Columbia, a jihar Karolina ta Kudu ta Amurka, inda mukan haɗa kuɗi da abokai a yanka mana rago. Babbar 'yata mai shekara tara ta ce sai ta bi ni. Mun yi tafiyar kamar rabin awa sai allurar zafi ta haura, tururi ya fara fitowa ta bonet. Fambel ne ya tsinke. Allah ya sa akwai gareji a kusa, muka lallaɓa har ƙofarsa.

Makanikin dattijo ne farar fata, gemu duk furfura, baƙin mai ya zauna masa a ƙarƙashin farce. Kafin ya taɓa motar sai da ya jawo wa yarinyar kujera, ya juyo mata da fanka, ya miƙo mata ruwan sanyi. Na ji daɗin mutumin ƙwarai. Sai da na ɗaga kai na ga abin da ke rataye saman allon da yake jera sifanoninsa: jar tuta, shuɗayen layuka biyu sun gitta juna, da fararen taurari 13, tutar 'yan awaren Kudu ta zamanin yaƙin basasar Amurka. Rana ta cinye launinta, bakinta ya fara zarewa. A ƙarƙashinta akwai tsohon hoton wani saurayi cikin kayan soja, an sa masa gilashi, shi kaɗai ne abin da babu ƙura a kansa a duk garejin.

"Abba, tutar wace ƙasa ce wannan?"

Da Hausa ta tambaye ni, amma ya ga inda yatsanta ya nuna. Ya goge hannu da tsumma ya ce wancan na hoton kakan kakansa ne. Talakan manomi ne, bai taɓa mallakar bawa ko ɗaya ba, an kira shi yaƙi ya tafi, ciwo ya kashe shi a sansani bai cika shekara ashirin da biyar ba. Sannan ya faɗi kalmar da nake gani manne a bayan motoci tun zuwana Karolina ta Kudu: gado ne, ba ƙiyayya ba. Na gyaɗa kai na yi shiru. Kuɗin fambel kawai ya karɓa, ya ce aikin hannu kyauta ne tunda da yarinya nake tafe.

Shirun nan ne ya dame ni duk hanya, don ba rashin abin faɗa ya sa na yi shi ba. Ban ƙaryata dattijon ba ko kaɗan. Yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 ya ci rayuka sama da 600,000, ciwo ya fi harsashi kisa a cikinsa, kuma sojojin Kudu da yawa talakawa ne irin kakan nasa. Wanda ya riƙe hoton mamacinsa bai yi laifi ba. Amma me aka kai saurayin ya kare? Wannan jihar da muke zaune ita ce ta fara ɓallewa daga Amurka, ranar 20 ga Disamba 1860, bayan Abraham Lincoln ya ci zaɓen shugaban ƙasa. Manyanta ba su ɓoye dalili ba, da hannunsu suka rubuta cewa jihohin Arewa suna adawa da bauta kuma sun ƙi mayar musu da bayin da suka gudu. A lokacin fiye da rabin mutanen jihar bayi ne, a ƙasar gaba ɗaya kuwa sun kusa miliyan 4. Mataimakin shugaban 'yan awaren, Alexander Stephens, ya tsaya a Savannah cikin Maris 1861 ya ce tubalin sabuwar gwamnatinsu shi ne baƙar fata ba daidai yake da fari ba, bauta ce ta dace da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokutan da aka riƙa ɗaga tutar bayan yaƙin. Asalinta ma tutar fagen fama ce ta rundunar Janar Robert E. Lee, kwamandan sojojin 'yan awaren. A 1948 'yan siyasar Kudu masu kare wariyar launin fata suka ɗauke ta, suka tsayar da Strom Thurmond, gwamnan wannan jiha, takarar shugaban ƙasa. A 1954 Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantun baƙaƙe da farare, shekara biyu bayan haka jihar Jojiya ta ɗinka ta cikin tutarta. A 1961 aka haye da ita ƙololuwar ginin majalisar nan Columbia, da sunan cikar yaƙin shekara ɗari, daidai lokacin da baƙaƙe ke shan kulki a kan neman 'yancin zaɓe. Biki ya wuce, tuta ta zauna a can sama har 2000, sannan aka sauko da ita harabar majalisar. In don jimamin mamata ne kaɗai, me ya sa duk sanda baƙar fata ya ɗaga kai ake tuna ta?

Da la'asar na kai wa maƙwabciyarmu cinyar rago. Tsohuwa ce baƙar fata, malamar makaranta mai ritaya, Mama muke ce mata tun da muka tare. Na same ta a baranda tana ɓare wake cikin kwano. Na ba ta labarin garejin. Ta daɗe ba ta ce komai ba, hannunta yana ta aiki.

"Ɗana, na yarda mutumin kirki ne," in ji ta. "Amma ni sanda nake kamar 'yarka, in babanmu ya hango wannan tuta a motar da ke binmu da dare, cewa yake mu kwanta a ƙasan kujera kar mu ɗago. Har yau in na gan ta cikina ne yake fara sani kafin idona."

Sai ta kawo zancen cocin Emanuel, cocin baƙaƙen fata da ke garin Charleston na wannan jiha. Daren Laraba 17 ga Yuni 2015 wani saurayi farar fata ya shiga wajen masu karatun Littafi Mai Tsarki, suka yi masa maraba, ya zauna tare da su kusan awa guda, sannan ya zaro bindiga ya kashe mutum tara. Daga baya aka ga hotunansa riƙe da tutar. Cikin mamatan akwai limamin cocin, Clementa Pinckney, wanda sanata ne a majalisar jiha. Da aka kawo gawarsa majalisar don ban-kwana, tutar tana nan tana kaɗawa a harabar. Mama ta ce ranar ta kasa cin abinci. Kwana goma bayan kisan wata mata, Bree Newsome, ta hau sandar da kanta ta sauke ta, aka kama ta, aka mayar da tuta. Sai 10 ga Yuli, bayan Gwamna Nikki Haley ta sa hannu a doka, aka sauke ta gaba ɗaya aka kai gidan tarihi. Mama tana cikin taron, tsaye a rana da sandarta. Ta ce ba ta yi sowa ba, sunan babanta kawai ta riƙa kira a zuci.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni baƙo ne, shekarata bakwai a nan, amma in an ce in zaɓa, ina bayan Mama. Hoton ya zauna a bango, tutar a naɗe ta.

Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ina wanke hannu bayan cin abinci na tuna kakata, Allah ya jiƙanta, yadda takan lissafa mana bayin kakanta da rinjinsa cikin alfahari, mu kuma muna jin kanmu 'ya'yan manya. Akwai gidan da muka tashi muna jin ana ce musu cucanawa, kuma na san auren da aka hana saboda asali. Bauta ba ta haramta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936, lokacin kakar tawa tana budurwa. Ban taɓa tambayar kaina yadda labarin nan nata yake sauka a kunnen yaran wancan gida ba, alhali tare muka yi makarantar allo. Yau ne na fara, kuma abin ya yi mini nauyi.

Kafin ta kwanta yarinyar ta sake tambayata. Na ce mata tutar mutanen da suka yi yaƙi ne don a ci gaba da sayar da kakannin su Mama kamar dabbobi. Ta ce, "To Abba, me ya sa ya ba ni ruwa?" Na ce saboda yana da kirki, kuma bai taɓa zama ya saurari Mama ba. Ban tabbata amsar ta gamsar da ita ba, ta dai ja bargo.

Ranar Talata zan koma garejin, ya ce tiyon lagireto ma ya kusa fashewa, ya aika a kawo sabo. Na yi niyyar in tambaye shi sunan saurayin da ke hoton da inda aka binne shi, in saurara har ya gama. Bayan nan zan ba shi labarin yarinyar da ke kwanciya a ƙasan kujerar mota. Na nemi izinin Mama, ta ce in faɗa masa.