Tanki Na Uku

Ranar Juma'a na miƙa makullin ɗakin gwaje-gwaje, bayan wata goma sha takwas ina kula da anemonin teku, wasu dabbobin ruwa masu kama da furanni da ke manne wa dutse. Har yanzu tanki na uku ne ke tsaye min a rai.

Ruwan tanki kullum raguwa yake, yana bin iska. Ni kuwa, sabon shiga, sai in cika shi da ruwan gishirin da muke haɗawa, wai ai dabbar teku ruwan teku take so. Ban lura cewa ruwan ne kaɗai ke tashi ba, gishirin yana nan daram. Ruwan teku kusan giram 35 na gishiri yake ɗauke da shi a kowace lita, ni kuma kullum ina ƙara musu. Anemoni ba ta da ɓawo ko ƙashi, tsoka ce mai laushi cike da ruwa, don haka gishirin ya dinga zuƙe su a hankali.

Kuma sun nuna min. Suka janye yatsunsu, suka yamutse kamar tsumma. Bakinsu, wanda ta nan suke ci ta nan kuma suke fitar da abin da ya rage, ya saki ya wangale. Ɗaya har ta bar dutsen da take manne da shi ta kama yawo. Don suna kama da furanni, na manta dabbobi ne, dangin murjani, masu harbin ƙananan halittu da dafi. A littafin aiki na rubuta "suna hutawa". Cikin mako shida guda bakwai suka mutu.

Oga ya tara ɗalibai, ya ɗaga littafin ya karanta musu wannan layin da ƙarfi, aka yi dariya. Laifina ne, ban musa ba. Amma na'urar auna gishirin ta lalace tun kafin in zo, sau biyu na rubuta masa a kai, kuma ranar bai ko ambace ta ba. Na yi shiru. Da ma na yi magana.

Abin da ya ƙara min ciwo, daga baya na karanta labarin wata anemoni da wani masanin halittu, Sir John Dalyell, ya ɗauko a gaɓar tekun Sikotlan a 1828. Ta rayu a cikin kwalba har 1887. Kusan shekara sittin, babu famfon juya ruwa, babu lantarki.

Ga wanda zai gaje ni: da ruwa mai tsabta marar gishiri ake cike gurbin wanda ya tashi. Ka rufe bakin famfon da ke zuƙar ruwan tanki da raga, don mai yawo takan faɗa ciki. In launinta ya koɗe, ƙananan tsirran da ke zaune a jikinta suna ciyar da ita ne ke ficewa, ka duba zafi da haske. Wadda ta mutu, cire ta nan take. Duk ƙorafin da ka kai sama, ka ajiye kwafi.

Tanki na uku yanzu guda goma sha ɗaya ne a ciki, da kansu suka dinga rabewa biyu-biyu. A rahoton shekara, sunan Oga ne a ƙarƙashin hoton.