Ƙaramin madubin da ke ba mu wahala

A shagona mu uku ne, ni da yara biyu. Aikinmu haɗa madubin hangen taurari irin wanda Isaac Newton ya fara ƙerawa a 1668, da gyara na waɗanda suka haɗa nasu a gida. Babban madubi mai zurfi shi kowa ke tambaya. Amma wanda ya fi cin lokacina shi ne ɗan ƙaramin nan mai siffar ƙwai, wanda ke kishingiɗe a digiri 45 yana karkato haske zuwa ido. Dole fuskarsa ta zama shimfiɗaɗɗiya sumul, kuma ido ba ya iya gane hakan.

Kafin a yi masa shafen alminiyam, gwajin ba wuya. Sai in ɗora shi a kan gilashin awo, wato gilashin da aka riga aka tabbatar fuskarsa shimfiɗaɗɗiya ce, in kunna fitilar sodiyam, mai ruwan ɗorawar nan da zangon haskenta nanomita 589 ne (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya). Layuka baƙaƙe su fito. In sun miƙe sambal, alhamdu lillahi. In sun lanƙwashe, a lissafa: daga layi zuwa layi, bambancin tudun fuskar rabin zangon haske ne, wato ƙasa da nanomita 300.

Da zarar an yi shafe, magana ta canja. Gilashi tsirara kashi 4 cikin ɗari na haske yake mayarwa, alminiyam kuwa kusan 90. Sai hasken shafen ya danne na gilashin awo, layukan su dusashe, ka yi ta ƙanƙance ido. Ga kuma ƙura. Ƙwayar yashi ɗaya ta shiga tsakani lokacin hunturu, ka ɗan goga, ka ƙarce wa mutum shafen da ya biya da tsada. Na taɓa yi, kuma daga aljihuna aka sake shi.

Tun daga nan na koma gwajin Ritchey da Common, mai sunan wasu masana taurari biyu, wanda babu abin da ke taɓa madubin. Ina da wani madubi mai zurfin ƙwallo da na amince da shi. Haske ya fito daga ɗan rami kamar na allura, ya bugi shimfiɗaɗɗen a karkace, ya je ga mai zurfin, ya dawo ta inda ya bi. Sai in tare shi da bakin reza, a tsaye sannan a kwance. In wuri ɗaya hasken ya taru duka biyun, lafiya lau. In sai na matsa gaba ko baya, akwai kumburi ko loɓa. Gwajin ruwa ma na gwada, inda ake nutsar da madubi a ruwa kaɗan a auna shi da fuskar ruwan, amma janaretan maƙwabcina bai bar ruwan ya natsu ba.

Kwanaki wani malamin makaranta ya zo ransa a ɓace. A madubin hangensa tauraro ba ya zama ɗigo, in ya murɗa abin saita gani ciki ya miƙe a tsaye, in ya murɗa waje ya kwanta. Har ya yanke shawarar sake goge babban madubinsa, aikin watanni.

Na ce, "Malam, ka juya babban a mazauninsa ka ga ko miƙewar ta bi shi?"

Ya juya, ba ta bi ba. To laifin yana sama, wurin ƙaramin madubin.

Na gwada ƙaramin yana manne da mariƙinsa, ya faɗi gwajin warwas. Da na duba bayansa, ashe gam mai tauri aka malala masa gaba ɗaya, ya bushe ya ɗaure gilashin. Da ƙyar muka raba su. Na ajiye shi awa guda, don ko ɗumin hannu yana lanƙwasa gilashi, sannan na sake gwadawa. Babu aibu ko kaɗan.

Muka mayar da shi da ɗigo uku na silikon, gam mai laushi, na sa tsinken ashana a tsakani don ya sami wurin shaƙatawa, na ce kada ya zare su sai bayan kwana biyu. Ya tambayi kuɗin sabon madubi, na ce ai ba ya bukata, ya biya na gwaji kawai. Yaron shagona sai harara yake yi mini, don akwai sababbi guda biyu a kantar shago tun bara ba su fita ba.