Nonno ba nono ba ne

Talata. Yau kwana 11 ke nan da na fara koyon Italiyanci, kuma in ban da kuɗin data ko sisi ban kashe ba.

Bayan sallar asuba na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na buɗe Duolingo, manhajar koyon harsuna a waya. Kyauta ne, sai dai ka haƙura da talla. Ina ta maimaita "nonno, nonno" sai Hajiya ta leƙo daga madafa: "Kai kuma wane nono kake kira da sassafen nan? Ai mai fura ba ta iso ba tukuna." Na ce, "Hajiya, kaka ake nufi, kaka namiji. Macen kuma nonna." Ta ce Allah ya kyauta, ta koma bakin murhunta.

Abin dariyar shi ne su ma suna da nono mai n ɗaya a tsakiya, ma'anarsa "na tara". Nauyin harafin ne kawai ya raba su, kamar yadda muke raba baba da babba. Kunnen Bahaushe ya saba da wannan tun yana goye. Haka r ɗinsu mai kaɗawa, ba ta ba ni wahala ba ko kaɗan. Turancin makaranta ne ma yake yi mini ƙafar ungulu: in na ga chi sai bakina ya ce "ci", alhali "ki" ake faɗa. Ciao kuwa da c ɗinmu ake furta shi, "caw".

A ofis babu aiki sosai, ana jiran mota. Mu fatun awaki da na tumaki muke turawa Italiya, kuma dalilin karatun ke nan. In masu sayen suka kira, sai mu yi ta lallaɓawa da Turanci, nasu gurgu namu gurgu. Da an zo kan farashi sai su juya harshensu, mu kuma mu zuba wa waya ido. Na rubuta a bayan wani tsohon rasit: pelle fata, capra akuya, pecora tunkiya.

Da rana na ɗauka na gano sirrin jinsi: kalma ta ƙare da a, mace ce, kamar dai a Hausa. Sai ga il problema namiji, ga la mano, wato hannu, mace. Na fara tsaki, sai na tuna gida da ruwa, na yi shiru.

Da daddare aka ɗauke wuta. Da ɗan cajin da ya rage na saurari labaran Rai, gidan talabijin na Italiya, a YouTube na minti biyar. Gudu suke kamar ana korarsu. Oggi (yau) na kama, da domani (gobe), da grazie (na gode) sau biyu. Sauran duk ya wuce ta saman kaina.

Gobe ƙirga zan yi, daga ɗaya zuwa ɗari. Oga ya ce ranar Alhamis masu sayen fatun za su sake kira.