Ginin da Aka Yi Saboda Mayafi Guda: Majami'ar Gwadalupe ta Birnin Meksiko

Na daɗe ina ganin hotunan sabuwar majami'ar Gwadalupe kafin Allah ya nufa ƙafata ta taka harabarta, kuma gaskiyar magana ita ce a hoto ginin bai taɓa shiga raina ba. Abin da nake gani shi ne wani ƙaton da'ira mai koren rufi wanda ya fi kama da zauren wasanni, babu dogayen hasumiyoyi, babu kubba, babu sassaƙen duwatsun da ido ya saba da su a tsofaffin majami'un Katolika. Daga baya na san cewa kamannin ba daga sama ya faɗo ba, domin jagoran waɗanda suka zana ginin, Pedro Ramírez Vázquez, shi ne kuma ya zana filin ƙwallo na Azteka da aka buɗe a 1966, wato mutum ne da ya ƙware wajen sanin yadda ake shigar da dubban jama'a wuri guda, a zaunar da su, a fitar da su lafiya. Sai da na tsaya a ciki na fahimci cewa ginin gaba ɗayansa amsa ce ga tambaya guda: ta yaya mutum dubu goma za su ga ƙyallen da tsayinsa bai kai mita biyu ba, a lokaci guda, ba tare da wani ya tare wa wani ba?

Labarin ƙyallen ya samo asali ne daga watan Disamba na 1531, shekara goma bayan da Sifaniyawa suka ci birnin Aztekawa da yaƙi, wato inda birnin Meksiko yake a yau. Abin da Katolika suka gada shi ne, wani talaka ɗan ƙasa mai suna Juan Diego ya ga Budurwa Maryamu a kan tudun Tepeyac, ta yi masa magana da harshensa na Nahuatl, ta aike shi wurin bishop Juan de Zumárraga da saƙon a gina mata ɗakin ibada a wurin. Bishop ya nemi alama. Ranar 12 ga wata Juan Diego ya tsinko furanni a kan tudun, a lokacin sanyin da ba a sa ran fure, ya ƙunso su a mayafinsa, kuma da ya kwance mayafin a gaban bishop sai aka ga surar Budurwar a jikin mayafin, surar da ake kira Budurwar Gwadalupe. Wannan mayafi, wanda suke kira tilma, shi ne yake rataye har yau a bayan bagadi, wato teburin ibada da ke gaban majami'a. Tun a ƙarni na 16 akwai masu jayayya, domin a 1556 wani shugaban 'yan ɗariƙar Faransis, Francisco de Bustamante, ya faɗa a cikin wa'azi cewa wani mai zane ɗan ƙasa mai suna Marcos ne ya yi hoton. Ba na nan don in raba wannan gardama, amma ko mai ba da gaskiya ko mai shakka, duk wanda ya san zane zai tsaya a gaban wannan hoto.

Ƙyalle biyu ne aka haɗa da ɗinki, kuma ɗinkin ya sauko daga sama har ƙasa ta tsakiyar hoton, sai dai Budurwar ta sunkuyar da kanta zuwa damanta, don haka layin ɗinkin ya wuce ta gefe bai ratsa fuskarta ba. Fuskar ta yarinya ce mai duhun fata, idanunta a ƙasa, tafukanta a haɗe a ƙirji kamar mai addu'a. Mayafinta shuɗi ne mai ratsin kore, an watsa masa taurarin zinariya, rigarta kuwa ruwan hoda ce mai zanen furanni. Hasken rana yana fitowa ta bayanta a kowane gefe, ƙafarta tana kan jinjirin wata, wani mala'ika kuma yana riƙe da bakin tufafinta daga ƙasa. Basifaniye da ya kalli wannan zai tuna da macen da aka ambata a sura ta 12 ta littafin Wahayin Yahaya, wadda ta yafa rana, wata yana ƙarƙashin sawunta. Mutumin ƙasar kuwa zai ga wani abu dabam a cikin zane guda: launin mayafin launi ne na sarauta a wurinsu, baƙar ɗamarar da aka ɗaure sama da ƙugu ana fassara ta da alamar mace mai juna biyu, rana da wata kuma abubuwan bautar kakanninsa ne, ga su nan ta sha gabansu, amma ita ma kanta a sunkuye yake ga wanda ya fi ta. Abin da ya fi burge ni ke nan, hoto guda yana magana da al'umma biyu da ba su jima da zubar da jinin juna ba, kowace da harshen da take ji.

An yi wa hoton ɗakuna da dama kafin a kai ga babbar majami'ar da ake kira tsohuwar basilika, wadda aka fara a 1695 aka buɗe a 1709, bisa zanen Pedro de Arrieta. Gini ne na jan dutsen aman wuta da suke kira tezontle, an yi masa gefe-gefe da dutse mai launin toka, yana da hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, da kubba a tsakiya. Ba nisa da ita akwai ɗan ƙaramin ɗakin ibada da ake kira Pocito, wato 'yar rijiya, wanda Francisco Guerrero y Torres ya gina a kan wani marmaro tsakanin 1777 da 1791. In da kyau kaɗai ake nema, to wannan ne ya fi duk gine-ginen wurin: bangonsa a lanƙwashe yake babu kusurwa, tagoginsa siffar tauraro, kubbobinsa an lulluɓe su da tayil shuɗi da fari da aka jera tamkar igiyar ruwa. Na zaga shi sau biyu kafin na shiga.

Tsohuwar basilika tana da matsala biyu da babu gwanin da zai iya kawar da su da ado. Ta farko ƙasa ce. Birnin Meksiko yana zaune ne a kan tsohon tafki da aka janye wa ruwa, ƙarƙashinsa laka ce mai taushi, kuma yayin da ake zuƙe ruwan ƙasa don shayar da birnin, lakar tana ƙara motsewa. Ginin yana gindin tudu, wani sashensa a kan ƙasa mai ƙwari, wani a kan laka, don haka bai nutse daidai ba, sai ya karkata, bango ya tsage. Ko yau da aka gyara shi aka sake buɗe shi a 2000, mai shiga yana jin daɓen yana gangara a ƙarƙashin ƙafarsa. Matsala ta biyu jama'a ce. Gini mai ginshiƙai da dogon zaure an yi shi ne don ɗaruruwa ko 'yan dubbai, alhali masu ziyarar ibada sun koma miliyoyi, kuma wanda ya yi tafiyar kwanaki a ƙasa yana iya ƙarewa a bayan ginshiƙi bai ga abin da ya kawo shi ba.

An aza tubalin sabuwar majami'a ranar 12 ga Disamba, 1974, aka buɗe ta ranar 12 ga Oktoba, 1976, ranar da aka ɗauko hoton daga tsohon gini a cikin jerin gwano. Ramírez Vázquez bai yi aikin shi kaɗai ba. A cikin abokan aikinsa akwai José Luis Benlliure da kuma Gabriel Chávez de la Mora, wani ɗan zuhudu na ɗariƙar Benedikt wanda shi ma masanin zanen gini ne. Sun zaɓi da'ira mai faɗin mita 100, suka kawar da ginshiƙai daga tsakiyar zauren, suka sa rufin ya taso daga ƙofofi yana hawa a hankali har ya tattaru a kan wata doguwar hasumiyar kankare da ke bayan bagadi, kuma a jikin wannan hasumiya ne aka rataye mayafin. Sakamakon haka, duk layin da ido ya bi a cikin ginin, ko na katakon silin, ko na jerin kujeru, ko na fitilun da ke rataye, can yake ƙarewa. Mutum ba ya bukatar a nuna masa inda zai duba. Daga waje rufin tagulla ne mai launin kore, kuma ana ba shi fassara biyu: alfarwar sujada da Isra'ilawa suka yi ta ɗauka a jeji, da kuma mayafin Budurwar da ta shimfiɗa a kan jama'arta. Da na san wannan sai na daina ganin filin wasa, na fara ganin tanti, wanda shi ne ɗakin da ya dace da matafiya.

Abin da ba a gani ma ya cancanci a yi maganarsa, domin sabon ginin a kan laka ɗaya yake da tsohon. An ɗora shi ne a kan turaku 344 na wata dabara da injiniya Manuel González Flores ya ƙirƙiro. Maimakon a ɗaure ginin da turakun kankare gam, sai a bar kowane turke ya ratsa daɓen tushe ya fito, a gindaya masa ƙarfe a ka, a ɗaure ƙarfen da tushen ginin, a kuma cusa ƙananan guntayen katako a tsakani. Idan nauyi ya yi yawa a wani ɓangare, katakon ne yake matsewa, sai ma'aikata su sassauta ko su ɗaure, su sauya katakon, ginin ya riƙa sauka tare da ƙasa a daidaice. Wato magina sun yarda cewa ƙasar ba za ta daina motsi ba, suka yi ginin da ake kula da shi kullum kamar mai rai.

Dabarar da aka fi yi wa surutu ita ce ta daɓe mai tafiya da kansa, irin wanda ake gani a filayen jirgin sama. An saukar da wata hanya ta bayan bagadi, ƙasa da idon masu sujada, inda mai ziyara zai hau wannan daɓe ya wuce ta ƙarƙashin hoton, ya ɗaga kai ya gan shi a kusa, cikin firam ɗinsa, a bayan gilashin da harsashi ba ya hudawa. Na ji masu cewa wannan ya mai da wuri mai tsarki kamar masana'anta, kuma na fahimci damuwarsu, domin 'yan daƙiƙu kaɗan ake samu. Amma ban yarda da su ba. In babu wannan na'ura, masu ƙarfi da masu dogon wuya ne za su cika gaba su tsaya, tsohuwa da mai ɗauke da jariri su koma gida da ganin ƙeyar mutane. Da ita kuwa kowa yana samun rabo daidai, kuma ana ci gaba da Misa, wato babbar ibadar Katolika, a sama ba tare da layin maziyarta ya katse ta ba. Gilashin ma yana da dalilinsa: ranar 14 ga Nuwamba, 1921, wani mutum ya ɓoye bam a cikin furanni ya ajiye a gindin hoton a tsohuwar basilika. Fashewar ta lalata matakalar bagadi, ta lanƙwashe wani gicciyen ƙarfe mai nauyi, hoton kuwa bai taɓu ba. Gicciyen yana nan a cikin akwatin gilashi, a tanƙware baya kamar wanda aka tura da ƙarfi, mutane suna tsayawa a gabansa shiru.

Ginin bai tsaya a bangonsa ba. Manyan ƙofofi bakwai ne a gabansa, kuma idan aka buɗe su, babbar farfajiyar da ke waje ta zama ci gaban zauren. A saman ƙofar tsakiya akwai wani bagadi a bene da ke fuskantar fili, wanda ya farfaɗo da tsarin ɗakunan ibada marasa bango da masu wa'azin ƙarni na 16 suka riƙa yi a Meksiko, lokacin da jama'a suka fi ƙarfin kowane ɗaki. A goshin ginin an rubuta da manyan haruffa kalmomin da labarin ya ce Budurwar ta faɗa wa Juan Diego sa'ad da hankalinsa ya tashi saboda ciwon kawunsa: ashe ba ga ni nan ba, ni da nake mahaifiyarka? A daren 11 ga Disamba zuwa wayewar 12, miliyoyin mutane suke cika wannan fili da titunan da ke kewaye, wasu da kwafin hoton ɗaure a baya, wasu suna ƙarasa tafiyar da gwiwoyi, da tsakar dare a raira wa Budurwar waƙar barka da asuba. A cikin wannan majami'a ne kuma Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana Juan Diego a matsayin waliyyi ranar 31 ga Yuli, 2002.

Ba zan ce komai na sabon ginin ya gamsar da ni ba. Daga waje har yanzu yana yi mini nauyi, kuma kusa da jan dutsen tsohuwar basilika da tayil ɗin Pocito, kankarensa ba shi da taushin da hannun masassaƙi yake bari a jikin dutse. Sai dai abin da na fi tunawa shi ne wata dattijuwa da ta hau daɓen nan mai tafiya a gabana, riƙe da hoton wani saurayi a cikin leda. Da muka iso ƙarƙashin mayafin ta ɗaga hoton sama da hannu biyu, fuskar yaron tana kallon fuskar Budurwar, leɓunanta suna motsi, har na'urar ta kai ta ƙarshe. Ta sauka, ta juya, ta hau ɗayan layin da ke komawa, ta sake ɗaga hoton.