Shekarar da aka ce teku yana hucewa

A 2006 wasu masana uku a Amurka, John Lyman da Josh Willis da Gregory Johnson, suka fitar da sakamakon da ya ta da ƙura. Wai saman teku, har zurfin mita 750, ya huce tsakanin 2003 da 2005. Abin ya ɗaure kai, tunda teku ne ke shanye sama da kashi 90 cikin ɗari na zafin da duniya ke ƙara tarawa. To ina zafin ya shiga? A 2007 su da kansu suka dawo da gyara. Ashe ba tekun ba ne, ma'aunin ne ya karkace, kuma ta wuri biyu.

Sai an san yadda ake awon kafin a ga inda gizo ya yi saƙa. Yawancin bayanan yau daga na'urorin Argo suke, kusan 4,000 warwatse a tekunan duniya. Kowacce doguwar tukunya ce da eriya a ka, ko nauyin buhun siminti ba ta kai ba. Ba ta da farfela. Mai ne a cikinta da jakar roba a gindi: famfo ya tura man cikin jakar, ta kumbura ta taso, ya janye shi, ta nutse. Takan sauka mita 1,000 ta bi ruwa kamar kwana tara, ta ƙara nutsawa zuwa mita 2,000, sannan ta hauro tana auna zafi da zartsi da matsin ruwa, wanda daga shi ake sanin zurfi. In ta leƙo sai ta miƙa wa tauraron ɗan'adam, ta koma. Duk kwana goma haka, shekara huɗu ko biyar, har batir ya mutu, kuma galibi ba mai sake ganinta balle ya duba ko awonta na nan daidai.

Kuskure na farko daga wani rukunin na'urorin ne a Tekun Atlantika, waɗanda suka riƙa liƙa wa awon zafi zurfin da ba nasa ba. Ruwan ƙasa ya fi sanyi, don haka in aka rubuta shi a gurbin na sama, sai lissafi ya ce an samu sanyi. Na biyu ya fi wayo. Kafin Argo, da wata 'yar na'ura ake aiki wadda ake jefawa daga jirgin ruwa tana jan siririyar waya. Ita ba ta auna matsi ko kaɗan, daga daƙiƙoƙin da ta yi tana faɗuwa ake ƙiyasta zurfi, kuma an gano tana ɗan ƙara zafi. Shekarun da Argo ke karɓar aiki daga hannunta su ne daidai shekarun da "sanyin" ya bayyana. Kamar mai awon hatsi ne ya canza tiya a tsakiyar ciniki, ya ce buhu ya ragu.

Shi ya sa, in layin jadawalin zafin teku ya karye, tambayar farko ita ce wace na'ura ta shigo a wannan shekarar, wace ta fita. A ware bayanan kowane iri, a zana su daban. Canjin gaske zai fito a duka. In a iri ɗaya kawai ya fito, na'ura ce.

Zartsi ya fi zafi ba da wahala. Ta yadda ruwan ke ɗaukar lantarki ake auna shi, cikin wani ɗan bututun gilashi, kuma kuskuren da ake yarda da shi bai wuce 0.01 ba, alhali zartsin teku yana wajen 35, wato kamar giram 35 na gishiri a kowane kilo na ruwa. A shekarun baya-bayan nan an samu na'urori da dama da awonsu ya riƙa hawa a hankali, kamar gishiri na ƙaruwa. Ba a kama wannan a sama, inda ruwan sama da rana ke jujjuya komai. Ƙasa ake dubawa, wajen mita 1,500 zuwa 2,000, inda ruwa ba ya saurin canzawa, a kwatanta da awon da jiragen bincike suka yi a yankin. Matsi kuwa da sauƙi: in na'ura ta fito sarari ya kamata ta karanta sifili, abin da ya ɗoru sai a cire shi daga duk awon.

Inda ɗalibai suka fi faɗawa shi ne wajen sauke fayil. Bayanan kyauta ne, kuma iri biyu. Mai harafin R a farkon suna yana fitowa cikin kwana ɗaya, kwamfuta kaɗai ta tace shi, ya isa hasashen yanayi. Mai harafin D sai ƙwararre ya bi shi da ido, abin da kan ɗauki shekara. Duk mai neman canjin shekara goma ya ɗauki na D, ya karanta adadin da aka gyara ba ɗanyen ba, ya kuma duba lambar da ke gefen kowane awo: 1 lafiyayye ne, 2 da alama lafiyayye, 3 abin zargi, 4 a zubar.