Daga bariki zuwa kwana-kwana: abin da na koya

Ƙarshen watan nan zan ajiye aiki a rukunin kashe gobara na kamfanin da nake, kuma tun da labarin ya bazu a unguwarmu ta Nima da ke Akra samari suka dame ni da tambaya guda: "Kawu, in mutum ya fara shiga soja, zai fi jin daɗin aikin kwana-kwana daga baya?" Na gaji da ba da amsa guntu-guntu a bakin masallaci, shi ya sa na zauna na rubuta.

Na san amsar da suke son ji. A zango kaki yana da daraja tun kaka da kakanni. Rundunar da Turawa suka kafa a 1879 da dakarun Hausawa ita ce ta girma ta zama sojan ƙasar nan ta Gana, kakanninmu da yawa sun yi yaƙin Bama, babban barikin Akra ma daga can ya samo sunansa. Yaron da ya tashi yana jin wannan tarihi gani yake duk wanda ya iya soja ya iya kowane aikin kaki.

Ba zan yi wa soja butulci ba. Jikin da aka gina mini a makarantar horar da kuratan soja ta Shai Hills shi ya ɗauke ni ina hawa bene da tukunyar iska a baya da tiyo a kafaɗa. Ƙararrawar tsakar dare ba ta taɓa gigita ni ba, kuma abin da na gani a kudancin Labanan lokacin aikin kiyaye zaman lafiya ya sa ranar da na fara ɗaukar gawar da wuta ta ci hannuna bai yi rawa ba. Wanda ya saba goge bindiga kullum ko ba a harba ta ba, ba sai an roƙe shi ya tayar da famfon mota da safe ya duba ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A aikin tono kuwa soja ba shi da na biyu. Lokacin da ginin kantin Melcom ya rufta a Achimota ranar 7 ga Nuwamba 2012, mutum 14 suka rasu, kowa ya ga yadda sojoji da 'yan kwana-kwana suka yi kwanaki suna kwashe ɓaraguzai, wannan ya gaji wancan ya karɓa. Takardar sallama ma tana buɗe ƙofa a masana'antu da ma'ajiyar mai, ita ta buɗe mini tawa. Amma a hukumar kashe gobara ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1963, akwai iyakar shekaru, kuma ko igiya nawa ka ɗaura a bariki sai ka koma kurtu a makarantar horo irin ta James Town.

Iyakar taimakon ke nan. Sauran kuwa, bari in ba ku labarin shugabanmu.

Tsohon soja ne shi ma, ya kai samanja kafin ya yi ritaya, kuma da wannan muƙamin muke kiransa. Ranar da ya duba takarduna ya ce, "Yauwa, yanzu na samu mutum." Nufinsa ya samu wanda ba zai mayar masa da magana ba. Yadda ake tafiyar da kurata haka yake tafiyar da mu: fareti kowace safiya, takalmi sai ya yi ƙyalli, wanda ya makara ya yi tsallen kwaɗo a gaban ma'aikatan ofis suna dariya. Atisayen shiga hayaƙi kuwa sai a daɗe ba a yi ba, wai cika tukwanen iska yana cin kuɗi. Ɗan abin da na sani na wuta, wurin wani dattijo na same shi, wanda ya gama aiki a hukumar ƙasa ya zo yana taya mu. Baba muke ce masa. Shi ne zai zaunar da kai bayan magariba ya ce ka dubi hayaƙi tukuna kafin ka dubi harshen wuta. Samanja bai taɓa zama a wannan darasin ba.

Wani dare cikin hunturu wuta ta tashi a siton da ake tara soson katifa da robobi. Rufin ƙarfe ne, mai faɗi, babu ginshiƙi a tsakiya. Kafin mu gama jan tiyo hayaƙin ya yi baƙi ƙirin, yana tunkuɗowa da ƙarfi ta ƙarƙashin kwano, fentin bango yana ɓarewa, tsakiyar rufin ta fara lotsawa. Manaja yana tsaye yana lissafin kayan da aka sauke daga Tema a satin. Samanja ya ce in ɗauki yara biyu mu shiga ta babbar ƙofa mu tare wutar kafin ta kai ga sabon kaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, rufin nan ba zai jira mu ba. A bar mu mu yi ta daga waje, mu jiƙa siton da ke kusa, motocin hukuma suna hanya." Ya dube ni a gaban yaran, a gaban manaja, ya ce, "Kofur, ashe kai ba soja ba ne?"

Ya san inda zai taɓa ni. Duk wanda ya yi bariki ya san ƙa'idar: bi umarni tukuna, ƙorafi daga baya. An dasa mana ita har ta shiga jini, kuma a fagen daga tana da dalilinta, domin in kowa ya tsaya gardama kowa zai mutu. Wallahi ƙafata har ta ɗaga. Abin da ya riƙe ni duk ba daga bariki na samo shi ba. Ƙarfe in zafi ya kai wajen digiri 550 zuwa 600 a ma'aunin Celsius yana rasa kusan rabin ƙarfinsa, kuma ba ya yi maka sallama kafin ya sauko. Tukunyar iskar da aka ce ta rabin awa ce, yaro mai fargaba yana zuƙe ta tun kafin lokacin. Hayaƙin soso guba ne, shaƙa kaɗan ta isa ta kayar da ƙato. Ɗaya daga cikin yaran nan bai taɓa shiga hayaƙi na gaske ba. Kuma an ƙirga masu aikin dare sun cika, babu rai a cikin siton. Katifa ce za mu je ceto.

Na ce ba za mu shiga ba.

Rufin bai faɗo ba, kuma wannan ne yake ci mini rai har yau. Ya lanƙwashe ya tsaya a haka har aka kashe wutar wajen asuba. Da gari ya waye Samanja ya zagaya da manaja yana nuna masa shi da sanda. Daga baya injiniyoyi suka zo suka ce a rushe ginin baki ɗaya, ba ya gyaruwa, amma kafin nan takardar tuhuma ta riga ta shiga fayil ɗina: ƙin bin umarni da jawo wa kamfani asara. Aka sauke ni daga mota aka mayar da ni zagayen duba tukwanen kashe wuta na jikin bango, aikin sabon shiga. Ƙarin girman da aka daɗe ana yi mini alkawari ya tafi wurin yaron da ni na koya wa naɗe tiyo. Aka aiko mini cewa in rubuta takardar ban haƙuri a wuce wurin. Ban rubuta ba. Da mun shiga rufin ya sauko a kanmu, da kamfani ya aiko Nima da buhun shinkafa da ambulan ranar addu'a, Samanja kuma ya tsaya ya ce jarumai ne.

Kada a ce na yi wa sojoji kuɗin goro. Na yi aiki ƙarƙashin hafsoshin da za su tambayi ƙaramin soja abin da ya gani kafin su yanke shawara. Mutumin nan tsawa kawai ya ɗauko daga bariki. Sai dai irinsa kamfanoni suka fi so, domin manaja yana gane fareti da ido, ba ya gane wanda ya iya karanta hayaƙi sai ranar da ba a so.

Soja an horar da shi ne a kan abokin gaba mai jin tsoro, wanda in ka matsa masa zai ja da baya. A wuta ilimi ake nema, kuma ba a koyar da shi a filin fareti. Daren 3 ga Yuni 2015 a Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah a Akra, ruwan ambaliya ne ya ɗauki fetur daga gidan man GOIL ya yaɗa shi, wuta ta bi ta kansa ta cim ma mutanen da suka fake wa ruwan sama, sama da 150 suka rasu. Fetur a saman ruwa yake yawo, wanda bai san haka ba zai yi ta zuba ruwa yana ƙara wa wutar fili, alhali kumfa ake so. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya bi kwata har ya samu tartsatsi; waɗanda suka ga fashewar tashar gas a Atomic Junction a Oktoba 2017 ba sa wasa da warinsa.

Sai mu'amala da jama'a, inda tsohon soja ya fi shan wuya. Ruwan da ke cikin mota mintuna kaɗan ne ya ƙare, famfunan bakin titi da yawa an gina shago a kansu ko babu ruwa, sai mota ta juya neman ƙari, jama'a su ce an zo babu ruwa, wani ma ya ɗauki dutse. Haka ake fama a gobarar kasuwa, daga Kantamanto har Kejetia. Wanda ya saba in an zage shi ya ɗaga hannu, a nan zai jawo wa abokan aikinsa jifa. A lungunanmu da mota ba ta shiga, wadda za ta gaya maka ɗakin da yaro ke barci da inda tukunyar gas take tsohuwa ce da ke tsaye a gefe, kuma ba za ta yi magana da mai daka mata tsawa ba. "Hajiya, sannu, wa ke ɗakin can?" ya fi amfani.

Sauran a taƙaice. Ka nemi lasin tuƙa babbar mota tun kana cikin kaki. Kada ka zuba ruwa sai ka tabbatar an yanke wutar lantarki. Duk kayan da ya lalace ka rubuta a littafi, ka ajiye kwafi a gida. In kwana-kwana kake so kuma shekarunka ba su wuce ba, ka neme ta kai tsaye, ba sai ka zaga ta bariki ba.

Ga wanda zai karɓi makullin ɗakin kaya daga hannuna: famfon ƙaramar motar yana yoyo, tukwanen iska biyu sun wuce lokacin gwaji, kuma abin rufe fuskar da ke ƙugiya ta ƙarshe ya tsage ta gefen hagu, kada a ba yaro shi. Duk na rubuta tun bara, takardun suna kan teburin Samanja.